Maƙerin Gaya da Injin Yankan Ƙarfe

A garin Gaya, a kan hanyar da ta gangara zuwa bakin kogin Isa, akwai wata rumfar kwano inda wani maƙeri yake aiki. Shekarunsa sun kai 45. Ƙira gado ce a gidansu. Kakansa ya ƙera hauya da lauje da mashin kamun kifi, ubansa ma haka. Tsohon yana nan da ransa, kullum yana zaune a kan buzu a gefen rumfar, yana jan tasbaha yana amsa gaisuwar masu wucewa. Shi maƙerin tun yana ɗan shekara 7 aka ba shi zuga-zugi. Amma zamani riga ne. Da ya girma ya ga masu neman ƙofa da taga da amalanke sun fi masu neman lauje yawa, sai ya tafi ya koyi walda, ya komo ya haɗa sana'a biyu a rumfa guda, uwar maƙera a nan, injin walda a can.

Shekarun farko da zarto yake yanka ƙarfe, ya bi bakin da magagari. Ƙofa guda takan cinye masa yini biyu a wajen yanka kaɗai, ga ciwon kafaɗa. Sai ya fara ganin wani inji a hannun masu walda na Doso da Kamba. Injin hannu ne mai aiki da wutar lantarki. Ana ɗaura masa faifai a ka, wanda masu sana'ar suke kira dutse. In an kunna, faifan ya yi ta juyawa da gudu, ya yanke ƙarfe kamar ana yanka rake, ko kuwa ya goge tabon walda har ya yi sumul. Injin ya daɗe a duniya. Wani kamfanin ƙasar Jamus mai suna Ackermann + Schmitt ne ya fitar da irinsa mai saurin gudu a shekarar 1954, da sunan Flex. Yau kamfanoni da yawa suna yin sa, irin su Bosch da Makita, ga kuma masu araha da suka cika kasuwannin kan iyaka.

Wanda ya san Gaya ya san garin ƙofa ne. An gina gada ta farko tsakaninsa da Malanbil a 1958, kuma shekara da shekaru kayan da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta nan suka riƙa shigowa Nijar. Manyan motoci sukan yi layi a bakin duwan, wata ta kwana 3, wata ta yi mako. Direba yana zaune yana jiran takarda, sai ya tuna da ƙarfen bodi da ya tsage, ko ƙofar baya da ta karkace. Irin wannan aiki shi ya riƙe rumfar maƙerin, ƙarfen mota kuwa kauri gare shi.

Saboda haka da ya tara kuɗi ya tafi Kamba, a ƙasar Najeriya, don ya sayi injin. Mai shago ya jera masa guda 4 a kan tebur. A can da inci suke lissafi: inci 4 da rabi, inci 5, inci 7, inci 9. A Gaya da Malanbil kuwa da milimeta ake faɗi: 115, 125, 180, 230. Duk abu ɗaya ake nufi, wato faɗin faifai. Maƙerin bai daɗe yana shawara ba, ya nuna mafi girma.

Mai shago ya ce, “Maigida, wane irin aiki kake yi?”

Ya ce, “Aikin ƙarfe mana. Babba shina yin aikin ƙarami, ƙarami ba shi yin aikin babba.”

Ya biya, ya ɗaure injin a bayan babur, ya komo gida yana jin daɗi.

A kan ƙarfen mota injin ya biya kuɗinsa. Faifai mai milimeta 230 yana nutsewa cikin ƙarfe har santimeta 6 zuwa 7, aikin yini ya koma aikin rabin awa. Amma ranar da aka kawo masa aikin tagogin wani gida ya gane maganar da ya yi a Kamba rabin gaskiya ce. Injin ya fi kilo 5. Kafin azahar hannuwansa suna rawa. Bututu marar kauri, da babban faifai ya taɓa shi sai ya tauna bakin. Kusurwar taga kuwa, inda ake son a goge walda, faifan ba ya shiga ko kaɗan. Bayan wata 6 ya haye gada ya sayo ƙarami mai milimeta 115 a Malanbil. Nauyinsa kamar kilo 2, zurfin yankansa bai wuce santimeta 3 ba, amma ƙofa da taga da kujera da gadon ƙarfe duk shi ke yin su. Ya zamana mafi yawan aikin rumfar na ƙaramin ne, babban sai ranar mota.

Ana nan sai ƙanwarsa, wadda take aure a wani ƙauye can cikin giginyu, ta zo da ɗanta mai shekara 15. Yaron ya bar lakkwal, gonar ubansa kuwa ba ta isa a raba ba. Ta durƙusa ta gaida tsoho, sa'an nan ta juyo ta ce, “Yaya, ga ɗanka. Amana na kawo maka. Ka koya mishi abin da zai ci da shi.” Maƙerin ya karɓa. Yaron kuwa akwai kai, akwai hannu. Cikin shekara guda ya iya awo, ya iya riƙe ƙaramin inji, har kawunsa yakan bar masa rumfar ya tafi saye-saye.

To, akwai wata ɗabi'a da maƙerin ya ɗauka, ba shi kaɗai ke yin ta ba. Faifai kuɗi ne, kuma cinyewa yake. In babban faifai ya ci, ya daina kai zurfin da ake so, ba ya jefar da shi. Yakan ajiye shi ƙarƙashin tebur, ranar da ƙaramin faifai ya ƙare ya ɗauko ya ɗaura wa ƙaramin inji. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ramin tsakiyar faifai ɗaya ne ga babba da ƙarami, milimeta 22 da ƴan kai, saboda haka yana zama daram. Abu guda ke hana shi shiga, murfin ƙarfen nan da ya rufe rabin faifai ta wajen mai riƙe da inji. Sai a kwance murfin a rataye a ƙusa. Maƙerin ya yi haka ya fi a ƙirga, ba abin da ya same shi. Yaron yana tsaye yana kallo. Ba a taɓa ce masa ya yi ba, ba a kuma taɓa ce masa kada ya yi ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Malanbil. A farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, ba ta mai da ita ba sai a watan Maris 2024. Motoci suka daina wucewa. Mutane da kaya suka koma haye kogi da kwale-kwale. Aikin mota ya mutu a rumfar, amma wani ya taso, don masu ɗauko kaya daga bakin ruwa suna neman amalanke da baro, manoma kuma suna shirin kaka. Wuta ta zama sai an dace. Maƙerin ya aro ƙaramin janareto a wurin surukinsa. Ƙaramin inji, mai cin wat 700 zuwa 900, yana tashi da shi lafiya. Babban kuwa ya fi wat 2,000, lokacin tashi ma yana jan fiye da haka, da an kunna shi sai janareto ya yi tari ya mutu. Aka jingine shi a kusurwa. Su yanka da rana, su jira wuta su yi walda ko da tsakar dare ne.

Wata rana da kaka aka yi rasuwa a unguwa, maƙerin ya tafi jana'iza. Ya bar wa yaron wani bututu mai kauri na gindin amalanke, ya ce a yanke shi gida biyu. Mai amalanken yana zaune yana jira, yana ta faɗin shinkafarsa tana gona. Yaron ya ɗora bututun a kan duwatsu biyu, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, ya fara yanka a tsakiya. Ƙaramin faifai ya ci ya kasa kai ƙasa. Ya duba kwali, babu wani. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zaro tsohon babban faifai, wanda ya yi damina guda a ƙasa, inda ruwa ke shiga in an yi iska. Ya kwance murfi ya rataye a ƙusa, kamar yadda ya ga ana yi. Tabarau guda ne a rumfar, ya karce har ba a gani da shi, shi ma yana rataye.

Mai amalanken ya ce shi ƙara kawai ya ji, kamar an harba bindiga. Da yankan ya kusa ƙarewa bututun ya lotsa tsakiya, ya matse faifan, faifan ya tarwatse. Gutsure ɗaya ya huda kwanon rumfa. Ɗaya ya fasa randar da ke kusa da buzun tsoho. Na ukun ya sami yaron a kumatun hagu, ya tsaga ya hau har gira. Injin ya kuɓuce ya faɗi ƙasa yana ta birgima, sai da mai amalanken ya ruga ya kashe janareto.

Daga maƙabarta aka kira maƙerin. Ya tarar an ɗaure fuskar yaron da rawani, jini ya jiƙe shi. Suka ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Aka ɗinke raunin, aka wanke idon, aka ciro ƴan burbushi daga ciki. Likita ya ce da gutsuren ya matsa faɗin yatsa guda, da idon ya tafi.

Daren nan maƙerin bai yi barci ba. Bayan isha ya ɗauki fitila ya koma rumfa. Ya tsinci tsakiyar faifan a maƙale a jikin inji, takardar da ke manne da shi tana nan, don gefe ne ke cinyewa, tsakiya ba ta ci. Shekarun baya ya yi rani biyu yana zuwa ajin yaƙi da jahilci, don ya iya rubuta sunayen masu bashi. Ya iya haruffa, ya iya lambobi. Amma bai taɓa zaton rubutun kan faifai da shi ake magana ba. Ya haska ya karanta: 6,600. Ya juya injin, ya goge ƙurar da ke kan ƴar takardar jikinsa, ya karanta: 11,000. Ya daɗe yana duban lambobin nan biyu. Bai san ma'anarsu duka ba, amma ya san ɗaya ta fi ɗaya nesa.

Da gari ya waye ya sa gutsuren a aljihu ya tafi wurin wani malamin makarantar koyon sana'a, wanda ya taɓa yi wa ƙofa. Ya ce, “Mushe, mi wanga rubutu ke cewa?”

Malamin ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla. Lambar da ke jikin inji ita ce yawan juyin da yake yi a minti guda. Lambar da ke kan faifai ita ce iyakar juyin da faifan zai iya ɗauka. Faifai mai milimeta 115 yana ɗaukar kimanin 13,300, mai 125 kimanin 12,200, mai 180 kimanin 8,500, mai 230 kuwa 6,600. Duk faifan da ya fi faɗi, juyinsa ya fi kaɗan. Dalili kuwa, gefen babban faifai ya fi yin doguwar tafiya a juyi guda, kamar yadda jakin da ke bakin masussuka ya fi na tsakiya wahala. An yi kowane faifai don kada gefensa ya wuce gudun mita 80 a sakan guda, wato kilomita 288 a awa. Da mota ce, da ta bar Gaya ta kusa shiga Yamai cikin awa guda.

Suka auna abin da ya rage na faifan da ya fashe, suka ga faɗinsa ya kai kamar milimeta 180. A kan inji mai juyi 11,000, gefensa yana gudun mita 100 da ƴan kai a sakan. Kuma ƙarfin da ke jan faifai ya tsage ya fi gudu saurin ƙaruwa: in gudu ya ninka biyu, shi huɗu yake ninkawa. Malamin ya ƙara da cewa abin da ake kira dutse ba dutse ba ne. Tsakuwa ce mai kaifi aka haɗa da wani irin ƙaro, aka sa ragar zaren gilashi a ciki ta riƙe. Damshi da daɗewa suna raunana ƙaron. Shi ya sa faifai na kirki yake da wata da shekara a buge a kan zoben ƙarfen tsakiya, galibi shekara 3 daga lokacin da aka yi shi, in ya wuce ba a amfani da shi. Gaya kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Faifan da ya yi damina a ƙasa ya riga ya mutu, jiran rana kawai yake.

Ya ce, “Maigida, doka guda ce. Lambar faifai ta kai ta inji ko ta fi ta. In ta gaza, ko da ya zauna daram, kada ka kunna.”

Maƙerin ya komo ya gaya wa ubansa. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, “Tsautsayi ne, ba shi wuce ranarshi. Ni nan wuta ta ƙone ni sau nawa? Abin da Allah ya rubuta ba makawa.”

Maƙerin bai saba yi wa ubansa musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka ne, Baba. Amma kai ka hana ni ɗaukar jan ƙarfe da hannu, ka ba ni awartaki. Ba ka ce in ɗauka ba, in Allah ya rubuta in ƙone.”

Tsoho ya yi shiru yana jan tasbaha. Can ya ce, “Wa ya koya ma yaron cire murfi?”

Ya ce, “Ni.”

Ya ce, “To, ka san abin da za ka gaya ma uwarshi.”

Kwana 2 bayan haka ƙanwar ta iso. Ta ga fuskar ɗanta, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke ido ta komo. Mutanen gida suna ta ba ta haƙuri, suna cewa yaro ne ya yi garaje. Da maƙerin ya bar maganar a haka, ba wanda zai ce masa komi. Amma ya ce a gaban kowa laifinsa ne, yaron abin da ya gani a hannunsa ya yi. Ta ce, “Yaya, da ido biyu na kawo maka shi.” Ba ta ƙara ba. Ta tafi da ɗanta ƙauye, ba ta ce zai komo ba, ba ta ce ba zai komo ba.

Wata 2 maƙerin yana aiki shi kaɗai. A cikin watannin nan ya sake tsarin rumfar. Tsofaffin faifan da ke ƙarƙashin tebur ya farfasa su da guduma ya binne, don kada yara su tsinta su sayar wa wani. Sababbi ya sa su a kwance cikin akwatin katako, a sama, inda damshi ba ya kai. Murfi ya koma jikin inji, da hannun gefe wanda shi ma da an cire. Ya sayi tabarau 2 masu rufe gefen ido, da safar hannu ta fata, da abin toshe kunne, don ƙarar injin tana cin ji a hankali, mutum bai sani ba sai ya fara cewa a maimaita.

Ya kuma bi sauran abin da malamin ya faɗa, har ya zame masa jiki. Faifan yanka daban, faifan guga daban. Na yanka siriri ne, kaurinsa milimeta 1 zuwa 3, da bakinsa kaɗai yake aiki, a tsaye sak, ba a murɗa shi, ba a goge ƙarfe da gefensa. Na guga kaurinsa kamar milimeta 6, shi ake kwantarwa kaɗan a kan aiki. Zarton katako mai haƙora kuwa ba a ɗaura shi ga wannan inji ko da wasa, don in ya cije sai ya yi tsalle ya nufo mai shi. Kafin a sake faifai a zare waya daga wuta. A duba faifan a haske, in akwai tsaga ko ɓantare a jefar. In an ɗaura sabo, a kunna a bar shi ya yi gudu kamar minti guda ba tare da ya taɓa komi ba, mutum yana tsaye gefe, ba kowa a gaban faifan.

Wajen yanka, a matse ƙarfen kada ya motsa, a tallafe shi yadda guntun da za a cire zai faɗi waje, yankan ya buɗe baki. Ɗora ƙarfe a kan duwatsu biyu a yanka tsakiya shi ke sa ya matse faifai. A riƙe inji da hannu biyu. A bari ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa aiki, kada a danne shi, nauyinsa ya isa. In an gama a jira faifai ya tsaya cik kafin a ajiye. Bututu mai kauri kuwa, wanda ƙaramin faifai ba ya ratsawa, ba ya bukatar babban faifai: a yanka, a juya bututun, a yanka, har a zagayo. Abin da ya kamata a koya wa yaron ke nan tun farko.

Akwai kuma abubuwan da zaman wurin ya koya masa. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a kashe makunnin inji nan take, don da yawa daga cikinsu in wuta ta komo da kansu suke tashi, ko suna ƙasa, ko suna kan cinyar mutum. Wayar da ta yanke ba a ɗaure ta da leda, balle a ƙasa mai damshi. Babbar riga da jelar rawani ba su shiga wajen aiki, faifai yana naɗe tufa kafin ƙiftawar ido. Tartsatsi yana tafiya nesa, saboda haka a duba inda ya nufa: zana, buhun gawayi, tulin ciyawa, ko teburin mai sayar da fetur a kwalba. Gangar da aka taɓa zuba fetur ba a yanka ta da wannan inji ko da ta yi shekara ba kome a ciki, don tururin da ya rage yana fashewa. In burbushin ƙarfe ya shiga ido, kada a murza, kada a bari wani ya sa tsinke ko harshe. A wanke da ruwa mai tsabta a tafi asibiti ran nan, don ƙarfe yana yin tsatsa a cikin ido tun kafin kwana guda.

Yanzu in wani ya zo neman shawarar wane inji zai saya, maƙerin ba ya cewa babba ko ƙarami. Tambaya 3 yake yi. Wane ƙarfe ka fi yankawa? Wace wuta gare ka? Wa zai riƙe injin? Mai ƙofa da taga da kujera, ya sayi mai 115 ko mai 125. Mai 125 nauyinsa kusan ɗaya da ɗan'uwansa, amma ya ɗan fi shi zurfin yanka, kuma yana karɓar faifan 115 ba matsala. Mai aikin mota da manyan ƙarafa, wanda yake da wuta mai ƙarfi, shi ke bukatar mai 180 ko mai 230, kuma ba a ba ɗan koyo shi. Wanda kuɗinsa na inji guda ne, ya fara da ƙarami, ranar babban aiki ya yi haya. Ya kuma rage wani abu daga kuɗin don tabarau. Rigakafi ya fi magani.

Da sanyi ya shigo, wata safiya sai ga yaron a bakin rumfa da ƙullin kayansa. Tabon ya warke, ya bar dogon layi daga kumatu zuwa gira, idon kuma yana yin hawaye in rana ta yi zafi. Ya durƙusa ya ce, “Kawu, Inna ta ce in komo. Ta ce in gaya maka saura ido guda da rabi, a riƙe mata su.” Maƙerin bai iya amsawa ba. Ya miƙa masa tabarau, ya nuna masa ƙusar da a da ake rataye murfi. Gutsuren faifan ne a rataye a wurin, da lambarsa a waje. Ya ce ya karanta. Yaron ya karanta. Ya ce ya karanta ta jikin inji. Ya karanta. Aikin ran nan ke nan.

Ba a ce duk masu walda na garin sun ji ba. In an bi rumfuna za a ga injin da ba murfi, da yaron da ke yanka ya kau da fuska ya runtse ido. Kwanan baya ma wani maƙwabci ya aiko ɗan aikinsa ya ce a ba shi tsohon babban faifai in akwai. Maƙerin ba ya nan, yaron ya tarar.

Ya ce masa, “Injin naku lamba nawa?”

Ɗan aiken ya ce bai sani ba.

“Tafi ka karanto.”

“Ban iya karatu ba.”

“To, ɗauko injin ka kawo nan in duba maka.”

Tsoho yana kan buzunsa yana jin su. Da ɗan aiken ya juya zai tafi, ya kira shi ya ce, “Kai, ka taho da murfin ma. Duba ƙusa, shina can rataye.”

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙerin garinsu wannan labari, ya kuma taimake shi duba lambobin nan biyu, ta kan faifai da ta jikin inji. Allah ya kiyaye masu neman na kansu, amin.